Shafi 64, Tsohuwar Lamba, Makulli a Aljihun Ɗan Yaya

Wani ɗan kasuwa daga Agege ya rubuto: "Ina sayar da shadda, yadi da huluna, ina aika wa mutane har Abuja da Fatakwal. Ɗan yayana da ya karanta kwamfuta ne ya gina min shafin intanet, kowane kaya da shafinsa, yanzu sun kai 64. Watan jiya na tashi daga tsohon shago, na kuma canza lambar waya. Yaron ya ce sai an buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya an gyara, naira 2,000 kowanne. Har yau rabinsu na ɗauke da tsohuwar lamba. Wani aboki kuma ya ce in zuba kuɗi a tallan Facebook, cikin wata uku ciniki zai ninka. Wanne zan fara?"

Alhaji, ka ajiye maganar ninka ciniki tukuna. Wanda ya yi maka wannan alkawari ba shi zai biya ba. Idan ka yi talla yau, kuɗinka ne za su riƙa tura mutane shagon da ka bari da lambar da ba ka ɗagawa.

Kowane shafi yana da kai da gindi. A kai akwai sunan shago da wuraren latsawa: Shadda, Yadi, Huluna, Tuntuɓe Mu. A gindi akwai adireshi, waya da lokacin buɗewa. Waɗannan biyun iri ɗaya ne a duk shafukanka, don haka mai aikin da ya san hannunsa sau ɗaya yake rubuta su, ya adana a fayil guda, kowane shafi ya janyo daga can. Kamar tanki ne a saman bene mai famfo 64: ka zuba ruwa sama, ya fito ko'ina. Shi yaronka bokiti ya ajiye wa kowane ɗaki, yanzu yana cajinka kuɗin cika su ɗai-ɗai. Wannan ba sabuwar fasaha ba ce. A PHP, ɗaya daga cikin yarukan kwamfuta da ake gina shafukan intanet da su, layi ɗaya ne ke yin aikin. WordPress, manhajar gina shafukan intanet da ta fito tun 2003, haka aka gina ta: kai na cikin fayil mai suna header.php, gindi na cikin footer.php, ka taɓa ɗaya duk shafuka su canza.

Yi lissafi: 2,000 sau 64, naira 128,000 ke nan don canza lamba da adireshi. Kuma a Legas wa ya isa ya ce ba zai sake tashi ba? Mai gida ya ƙara haya, ko a zo da rusau, sai ka sake biya.

Amma ban ɗora wa yaron laifin duka ba, wataƙila iyakar abin da ya iya ke nan lokacin. Kuskuren naka ne, kuma guda ɗaya ne: ka buɗe shago ka bar makulli a aljihun wani, ba rubutu, ba shaida, saboda ɗan gida ne. Da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin, wato sunan da ake dannawa a intanet a same ka? Imel ɗin wa ake tura wa takardar sabuntawa? Wa ke riƙe da kalmar sirri? Na tabbata ba ka da amsar ko ɗaya. Kai da ba ka barin yaron shago ya kwana da makullin sito, ka yarda da wannan?

Adireshin shafi haya ce ta shekara-shekara. Masu ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da rajistar adiresoshin intanet na Najeriya, kuma wanda sunansa ke kan rajista shi ne mai shi, ko da daga aljihunka kuɗin suka fito. Na taɓa zama da wani mai turare a Idi-Araba wanda ƙanin matarsa ya gina masa shafi. Yaron ya sa lambarsa a gindin shafin wai don ya taya shi amsa kira, ya yi rajista da nasa imel. Da ya tafi bautar ƙasa, lokacin sabuntawa ya zo ya wuce ba wanda ya sani. Mutumin ya miƙo min wayarsa, hannunsa na rawa, ya danna adireshin: ba turare, ba hoto, sai sanarwar cewa wa'adi ya ƙare. A bayansa kuwa ga ɗaurin ledoji da ya buga da wannan adireshin, ko rabi bai yi amfani da su ba. Ba cuta aka yi masa ba, mantuwa ce kawai, amma ya kasa ɗaga murya saboda suruki ne.

Kada ka yi faɗa da ɗan yayanka. Kira shi gaban mahaifinsa, ka gode masa, ka biya shi haƙƙin aikin baya idan akwai saura. Sannan ka nemi a mayar da rajista sunanka ko sunan kasuwancin da ka yi wa rajista a CAC, da imel ɗin da ke wayarka. Rubuta kalmomin sirri da ranar sabuntawa a littafin da kake rubuta bashi. Daga nan ku yi jinga ɗaya: a haɗa kai da gindi wuri guda. Aikin kwana ɗaya ko biyu ne ga wanda ya iya, ni ko rabin 128,000 ba zan bayar ba. Idan ya ce ba zai iya ba, ba abin kunya ba ne, Ikeja cike take da masu yi.

Kafin ka cika kuɗi, ka gwada da idonka. Ce masa ya canza lokacin buɗe shago a gabanka, sau ɗaya. Kai kuma buɗe shafuka uku a wayarka: na farko, wani na tsakiya, da hular da ka sa ƙarshe. In duka ukun sun canza, biya. In ɗaya ya ƙi, aiki bai ƙare ba. Ka sa ya koya maka yadda za ka yi da kanka, bai fi tura saƙon WhatsApp wuya ba idan an gina shi daidai.

Abu mafi gaggawa shi ne tsohon layin. Ina yake? Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya na karɓewa ya sayar wa wani. Ranar da haka ta faru, mai son shadda daga Abuja zai kira lambar da ke gindin shafinka, baƙo ya ɗaga, ya ba shi lambar asusunsa, kai kuma a zo a kama ka da sunan ɗan damfara. Nemo layin a daren nan, sa shi a ƙaramar waya, zuba masa kati, ka riƙa ɗagawa har sai an gyara shafi na 64.