Fentin katakon benenmu yana ɓarewa

Tambaya: Salam Malam, katakon da ake dafawa a matakalar benenmu mai banish ne, na shafa mai fenti amma ko sati bai yi ba ya fara ɓarewa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya. Ai banish santsi gare shi, fenti bai da abin kamawa, ga maiƙon hannu da ya taru. Ki kankare wanda kika shafa, ki wanke da ruwan sabulu, in katakon ya bushe ki bi shi da sanfefa mai lamba 180 har ƙyallin nan ya dushe, ba sai kin tarar da tsuran katako ba. Goge ƙurar, sa firaima (shafin farko da ke sa fenti ya kama), sannan fenti shafi biyu marasa kauri. A buɗe tagogi don Allah, kuma yara su bar dafawa na 'yan kwanaki.