Filin Masu Gyara: Yadda Ake Auna Wutar Sigarin Lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum. Gyaran waya nake yi a PZ. Kwanan nan ana kawo mini sigarin lantarki irin mai murɗawa a gindi, wanda aka rubuta wa bolt 3.3 zuwa 4.8. Na cire kan (ɓangaren da ake zuba ruwa ake zuƙa), na murɗa zuwa 4.8, mita ta nuna mini 4.8 cif, amma mai shi ya dage cewa ba shi da ƙarfi. Wa zan yarda da shi, mita ko mai kaya? Daga Sani, PZ, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Mai kaya na iya yin gaskiya, mita kuma ba ta yi ƙarya ba. Ka auna na'urar ne ba ta ɗauke da komai, kuma ko batirin da ya gaji yakan nuna cikakkiyar wuta a wannan hali. Sai an ɗora masa kaya ake ganin ƙarfinsa.

Nemi tsohon kai da ya mutu, ka cire gindinsa mai zaren 510, wato zaren da ake murɗa kai a jikin batir da shi. Ɗigon ƙarfen da ke tsakiya shi ne fozitif, zaren da ke kewaye negetif. Liƙa gajerun wayoyi biyu masu kauri da dalma, ka haɗa su da rizista mai om 2 wadda ke ɗaukar wat 20, farar nan mai kama da alli. Sa mita a DCV 20, wato wajen auna bolt na batir har zuwa 20, jan tsinke a ɓangaren tsakiya, baƙi a ɓangaren zare, sannan ka danna maɓalli na daƙiƙa uku. Kada ka daɗe, rizistar tana zafi, kuma yawancinsu sukan yanke wuta da kansu wajen daƙiƙa goma. In wutar ta sauka da 0.1 ko 0.2, lafiya lau. In ta faɗo zuwa 4.0 ko ƙasa, fara goge ɗigon tsakiya da auduga da sifirit, domin ruwan da ke yoyo da ƙurar hunturu sukan daskare a wurin. In bai canza ba, batir ne ya gaji.

Ga dalilin da batir ke saurin nuna gajiya a 4.8. Shi kansa 3.7 gare shi, 4.2 idan ya cika, don haka allon da ke ciki ne ke ɗaga wutar. Bolt 4.8 a kan om 2 amfiya 2.4 ne, wato wat 11.5. Kafin batir mai 3.7 ya ba da wat 11.5, sai an zuƙi fiye da amfiya 3 daga jikinsa.

Akwai kuma wani tarko da ya sha kayar da ƙwararru. Wasu na'urorin ba sa ba da wuta a miƙe, kunnawa suke suna kashewa da saurin da ido ba ya gani. A ce ana sakin bolt 6 na rabin lokaci. Mita irin DT830 za ta ɗauki tsaka-tsaki ta nuna 3, alhali zafin da koyil (naɗaɗɗiyar wayar cikin kai da ke dumama ruwan) ke ji daidai yake da na bolt 4.2. A kan om 2 kai za ka lissafa wat 4.5, na gaskiya kuwa 9 ne, ninki biyu. Idan lamba na rawa, ko tana ƙasa amma auduga na ƙonewa, to wannan ne, kuma osiloskof, na'urar da ke zana yanayin wuta a allo, shi zai nuna maka shi sarai.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Samaru. Na so in san amfiya nawa na'urar sigarina ke bayarwa, sai na mayar da jan tsinke ramin 10A na mita, na taɓa tsakiya da zare. Na'urar ta yi tartsatsi, fitilarta ta yi ta ƙiftawa, yanzu ba ta kamawa. Daga Bashir, Samaru.

Amsa: Ɗan'uwa Bashir, gode wa Allah da abin ya tsaya nan. Cikin ramin 10A guntun ƙarfe ne kawai da kusan ba ya tare wuta, don haka abin da ka yi daidai yake da haɗa fozitif da negetif da waya. A ƙananan mitoci da yawa ma babu fis a wannan rami. Gwada sa na'urar a caji na ɗan lokaci, sannan ka danna maɓallinta sau biyar da sauri, domin wasu sukan kulle kansu ne. In ta yi zafi ko ta kumbura, cire ta nan take kada ka sake sa mata caji.

Ana auna amfiya ne ta hanyar yanke layi a sa mita a tsakani, amma a nan ba mu ba da shawarar haka ba. Wayoyin mita da kansu sukan kai om 0.2 zuwa 0.5, kuma a kan koyil mai om 1.5 wannan ya isa ya ɓata sakamako. Lissafi ya fi: auna bolt lokacin da koyil ke aiki, ka raba da om ɗinsa. Wajen auna koyil, sa mita a om 200, haɗa tsinkayen biyu ka ga abin da suka nuna, sannan ka debe shi daga na koyil. Bolt 4.0 a kan om 1.6 amfiya 2.5 ke nan.

Tambaya: Ko batir 18650 na tsohuwar kwamfutar cinya zai yi a babbar na'urar sigarin lantarki? Ya nuna bolt 4.1. Daga Hauwa, Tudun Wada.

Amsa: A'a, Malama Hauwa, don Allah kada ki sa. An yi shi ne don ya ba da wuta kaɗan na dogon lokaci. Na'ura a wat 60 tana jan fiye da amfiya 16 daga batir guda, shi ya sa ake neman irin Samsung 25R mai ɗaukar amfiya 20. Duk 18650 da aka rubuta wa 9900mAh jabu ne, na gaske bai cika wuce 3500 ba. Ki duba ledar jikinsa, domin ilahirin gwangwanin negetif ne, ƙaramin yagewa kusa da kai ya isa ya haɗa wuta. Kada ya shiga jaka tare da makullai, kada kuma a bar shi a mota cikin zafin Maris da Afrilu.