Ƙarin niyuro-endokirin da ya kai hanta: wane abu ne likitoci ke dubawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana shekararsa 52. Ya yi kusan shekara biyu yana fama da zawo da murɗar ciki, ana ta ba shi maganin gyambon ciki, sai daga baya aka gano ƙari a ƙaramin hanjinsa, suka ce sunansa niyuro-endokirin, kuma ya riga ya kai hanta. A takardar gwajin an rubuta G1, Ki-67 2%. Na duba intanet na ga wai idan ciwon ya bazu, wata 12 ne kawai. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Don Allah haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma sannu da jinya.

Niyuro-endokirin ƙari ne da ke tsirowa daga ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadarai cikin jini. Wata 12 ɗin nan na san inda ya fito. Wani babban bincike ne da aka wallafa a Amurka a 2017, an tattara bayanan masu wannan ciwo daga 1973 zuwa 2012. Adadin gaskiya ne, sai dai an zuba kowa ne a tukunya ɗaya: mai ƙarin da ke tafiyar hawainiya da mai wanda ke ci kamar wutar daji. A cikin binciken dai, da aka ware masu irin na maigidanki, wato G1 ko G2 da ya tashi daga ƙaramin hanji ya bazu, aka samu wata 103, sama da shekara takwas ke nan. Kuma ki lura, wannan adadi na tsakiya ne: rabin mutanen sun wuce shi, wasu da nisa. Yawancinsu ma an yi musu magani ne kafin zuwan wasu magungunan da ake amfani da su yau.

Abin da na fara dubawa a duk takardar da aka kawo mini shi ne wanda kika kwafo, Ki-67. Likitan da ke nazarin naman da aka ciro yana shafa masa wani rini, ya sa a madubin na'ura, ya ƙirga ƙwayoyi nawa ne cikin ɗari suke kan hayayyafa. Ƙasa da 3 shi ne G1, daga 3 zuwa 20 G2, abin da ya haura 20 kuma G3. Na maigidanki biyu ne cikin ɗari, saura 98 suna zaune shiru. Bayan haka sai a duba siffar ƙwayoyin: suna nan da kamannin asalinsu, ko sun rikiɗe ba a gane su? Masu kamannin asali su ne NET. Waɗanda suka rikiɗe ana ce musu NEC, kuma a wajena wannan wani ciwo ne daban da ya ari sunan, don ana lissafa tafiyarsa da watanni, maganinsa ma kemo ne tun farko. Shi ya sa mutum biyu za su ce miki dukansu suna mataki na huɗu, wato ciwon ya bazu zuwa wata gaɓa, amma tsakaninsu kamar sama da ƙasa.

Bazuwa tana da nata nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Ƙarin da ke wuri ɗaya ana iya yanke shi a rabu da shi, wanda ya kai hanta kuwa galibi riƙe shi ake yi, a hana shi gaba. A nan tambayar ita ce kashi nawa na hantar ya ci, ko ana iya yanke wuraren ko a ƙone su, ko kuma ya taɓa ƙashi.

Inda ƙarin ya tsiro ma yana da tasiri. Na afendis da na dubura sun fi sauƙi, na babban hanji ya fi tsanani, na fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin) kuma ya fi na ƙaramin hanji saurin tafiya. Duk da haka Steve Jobs, tsohon shugaban kamfanin Apple, wanda aka gano nasa a fankiriyas a 2003, sai 2011 ya rasu. Shekaru da ƙarfin jikin majiyyaci su ma ana sa su a ma'auni.

Zawon nan nasa ne ya tsaya mini a rai. Irin wannan ƙari yana fitar da sinadarin serotonin, wanda hanta kan lalata, amma idan ƙarin ya zauna cikin hantar kanta sai sinadarin ya zarce cikin jini. Alamarsa zawo, da wani zafi da ke tasowa a fuska da wuya na 'yan mintoci ya lafa. Ga mai duhun fata ba lallai a ga ja ba, sai dai ya ce fuskarsa ta ɗau ɗumi. Idan aka daɗe a haka, murafun ɓangaren dama na zuciya sukan yi kauri su daina rufuwa da kyau, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi rage kwanan masu ciwon. Don haka ki tambayi likitansa gwajin fitsari na 5-HIAA, mai nuna yawan serotonin a jiki, da hoton zuciya. Kumburin ƙafa ko haki idan ya hau bene, kar a jira ranar ganin likita.

Sai hoton PET na galiyom-68, hoton jiki da ake ɗauka bayan an yi allurar wani sinadari mai haskawa a na'ura, wanda ke nuna ko ƙwayoyin suna da makamar sinadarin somatostatin. Idan suka haska sosai, albishir ne ta fuska biyu: alama ce ba su rikiɗe ba, kuma magani ya sami inda zai kama. Allurar oktiriyotayid ko lanriyotayid, masu kwaikwayon somatostatin, duk sati huɗu tana tsayar da zawon, tana kuma rage saurin girman da ƙarin ke yi. Idan ta gaza akwai lutetiyom-177, maganin da ke kai rediyeshon kai tsaye kan ƙwayoyin ƙarin, wanda Amurka ta amince da shi a 2018. A gwajin da aka yi masa, bayan wata 20 kashi 65 na waɗanda suka karɓa ciwonsu bai ƙaru ba, a rukunin da aka ba oktiriyotayid kaɗai kuwa kashi 11 ne.

Ƙila su riƙa auna masa kiromogiranin A, wani sinadari da irin wannan ƙari ke fitarwa, a jini. Kin ce ya daɗe kan maganin gyambon ciki. Idan irin su omefirazol ne, yana ɗaga wannan gwaji sama ko da ƙarin bai motsa ba, saboda haka ki tafi da kwalin maganin ki nuna wa likita kafin a ɗibi jinin.