Daidaita Runduna ko Ɗaiɗaita Ta: Amsoshi Kan Kalmomin Wasan Pokémon

Tambayoyin wannan mako guda huɗu ne, kuma duk sun fito daga matasan da ke buga wasan Pokémon, wanda kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ya ƙirƙira, Nintendo kuma ya fitar da shi a watan Fabrairu na 1996 a kan ƙaramar na'urar hannu mai suna Game Boy. Ga wanda bai san wasan ba, mai wasa yakan yi yawo yana kama waɗansu ƙagaggun halittu, ya horar da su, sa'an nan ya zaɓi shida ya shiga fagen fama da su, kowanne yana da dabarun faɗa huɗu kacal. Da halittu 151 aka fara, yau sun haura dubu. Masu tambayar suna son su tattauna wasan da Hausa ba tare da sun yi ta aron baki ba, kuma wannan buri ne da nake girmamawa ƙwarai.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: "Malam, an ce sunan wasan taƙaitawa ce ta kalmomi biyu masu nufin dodannin aljihu. Amma idan na ce dodo sai ƙannena su ce Pikachu, ɗaya daga cikin halittun wasan, bai yi kama da dodo ba. Wace kalma ce ta dace?"

Ƙannenka suna da hujja, ɗan'uwa, domin dodon da suka sani shi ne na tatsuniya, mai haɗiye mutane a bakin kogi ko a dokar daji, wanda ake ambata domin yaro ya yi shiru. Sai dai kalmar ta daɗe da fita daga wannan gida guda. Muna da dodon kunne, wanda yake ɓoye a can ciki ba a ganinsa, muna kuma da dodon koɗi, wanda babu yaron da ke tsoronsa. Abin da ya haɗa su shi ne ɓuya: abu ne mai zama a cikin wani rufaffen wuri, sai ya ga dama ko an taɓo shi ya bayyana. Halittun wannan wasa kuwa a cikin ƙaramar ƙwallo mai launin ja da fari suke zama har sai an kira su, don haka sun fi kusa da dodon koɗi fiye da dodon kogi. Kalmar dabba ba za ta wadatar ba, tunda a cikinsu akwai mai siffar maganaɗisu, akwai mai siffar zoben makullai. Ka ci gaba da cewa dodo, jam'i dodanni, ni ma da ita zan yi amfani a sauran amsoshin.

Wani kuma daga Maraɗi ya rubuto cewa: "Na aika wa abokina saƙo a waya cewa na daidaita rundunata, sai ya tambaye ni wa ya yi mini wannan ɓarna. Ina kuskuren yake? Kuma runduna ce daidai, ko tawaga, ko ƙungiya?"

Kuskuren yana ga lanƙwasa guda biyu da madannan waya da yawa ba su da su. Akwai daidaita da d maras ƙugiya, daga daidai, wato gyara abu har ya zauna yadda ya kamata. Akwai kuma ɗaiɗaita da ɗ mai ƙugiya, daga ɗaiɗai, wanda shi ma ninkin ɗaya ne, ma'anarta kuwa a watsa taro har kowa ya kama gabansa shi kaɗai, kamar yadda ake cewa yaƙi ya ɗaiɗaita gari. A baki ba a taɓa rikita su, amma idan aka rubuta su babu ƙugiya sai su zama abu guda, shi ya sa abokinka ya karanta asara a inda ka rubuta gyara. Wannan na daga cikin misalan da nake kawo wa duk wanda ya ce ƙugiyar ɗ da ɓ da ƙ ado ce kawai.

Game da sunan taron shidan, tawaga ta saƙo ce da wakilci, ita ake aikawa gaisuwa ko sulhu. Ƙungiya ta yi faɗi, ta ɗauki 'yan ƙwallo da 'yan kasuwa da 'yan siyasa. Garke na kiwo ne, ba ya nuna cewa kowane ɗaya da aikinsa. Runduna ita ce ta fama, kuma ita na zaɓa, ko da yake shida sun yi kaɗan ga abin da kalmar ta saba ɗauka, saboda ita kaɗai ce ke ɗauke da ma'anar rabon aiki.

A nan ne kalmar daidai take bukatar lura, domin fuska biyu gare ta. Akwai daidai ta kunnen doki, wato abu biyu su zama tsawo ɗaya, ƙarfi ɗaya. Akwai kuma daidai ta dacewa, wadda muke ji a cikin "daidai ruwa daidai tsaki", inda ruwa da tsaki ba abu ɗaya ba ne, amma kowanne ya zo gwargwadon bukatar ɗayan. Sabon ɗan wasa yakan ɗauki ma'ana ta farko, ya tara dodanni shida masu ƙarfin duka, sau da yawa ma iri ɗaya, ya ce ya daidaita. Wanda ya cika rundunarsa da dodannin wuta zalla, dodon ruwa guda ɗaya mai sauri zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ya gama da su, sai ya zamana ƙugiyar da ya manta a rubutu ta dawo masa a fage. Ma'ana ta biyu ita ce ake nufi a wasan.

Kakanninmu sun san wannan rabon aiki, sun kuma bar mana sunayensa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Mayaƙin lifidi ba shi da gudu, nauyin kayansa ba zai bar shi ba, aikinsa shi ne ya tsaya kibiya ta ƙare a jikinsa. Barade su ne masu sukuwa su afka, 'yan baka suna harbi daga nesa, dakaru suna ƙasa. Waɗannan kalmomi sun zauna daram a kan wasan. Akwai dodo mai suna Blissey, wanda a ma'aunin wasan yake da 255 na yawan rai, babu wanda ya fi shi, amma kariyarsa daga dukan jiki 10 ce kawai, yana shanye feshin wuta da tsawa, naushi kuwa ba ya jure masa. Akwai Skarmory, tsuntsun ƙarfe mai kariyar jiki 140, wanda cizo da karo ba su cika damunsa ba, amma wuta da lantarki suna cin sa. Tun bayan fitowarsu a wasannin 1999, 'yan wasa suka gane cewa idan an haɗa su biyun, abin da ke kayar da ɗaya shi ɗayan ke shanyewa. Waɗannan su ne 'yan lifidan runduna. Shi kuwa irin Alakazam, mai saurin 120 da kariyar jiki 45, wanda ke kashewa da wuri kuma a kashe shi da wuri, Hausa tana da sunansa tun tuni: wutar kara. Runduna tana bukatar wutar kara, amma ba a dafa tuwon gida da ita kaɗai.

Wata mai karatu daga Kano ta tambaya: "A wasan, ruwa yana cin wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana cin ruwa. Shin karin maganar 'gaba da gabanta, aljani ya taka wuta' ya dace da wannan? Kuma mene ne sunan wurin da dodo yake da rauni?"

Ya dace, 'yar'uwa, amma da sharaɗin a fahimce shi sosai. Mutane da yawa suna jin wannan karin magana kamar tsani ne, wannan ya fi wancan, wani ya fi shi, har a kai ga wanda babu na sama da shi. Ɓangarensa na biyu bai faɗi haka ba. Aljani a wurin Bahaushe shi ne ƙarshen abin tsoro, ba a ganinsa balle a kama shi, sai ga shi abin da ya gagare shi ba wani babban aljani ba ne, wutar da kowace mace ke hurawa a murhu ce. Ke nan abin da ke maganin mai ƙarfi ba lalle ne ya fi shi girma ba, ya isa ya zama shi ne daidai da shi. Haka tsarin wasan yake, zobe ne ba tsani ba. Nau'o'in dodanni 15 ne a farko, aka ƙara na ƙarfe da na duhu a 1999, aka ƙara na goma sha takwas a 2013, kuma babu nau'i ɗaya a cikin waɗannan da ba shi da mai cin sa. Duka idan ya faɗa kan nau'in da yake ci, ɓarnarsa ninki biyu ce, idan kuwa dodon yana da nau'i biyu kuma dukansu suna jin wannan duka, sai ta zama ninki huɗu.

Wurin raunin kuwa kalmomi biyu ne ke takara, lago da makasa, kuma ba ɗaya suke ba. Makasa an gina ta ne kamar mahauta da majema da maƙera, wato ma- a gaba da -a a ƙarshe don nuna wurin da ake aikata abu, a nan kisa. Ita a jikin abu take, ko an sani ko ba a sani ba. Lago kuwa sai an gano shi, shi ya sa muke cewa ya samu lagonsa, ya gano lagonsa, kalmar tana tafiya da wayon mai nema. Gyarados, wanda ya haɗa ruwa da tashi sama, makasarsa lantarki ce, ninki huɗu. Charizard, mai wuta da fiffike, makasarsa dutse ce, ita ma ninki huɗu. Wannan rubutacce ne a tsarin wasan, kowa yana iya dubawa. Amma idan ka lura cewa dodanni uku daga cikin shidan abokin karawarka makasarsu ɗaya ce, kuma bai tanadi wanda zai tare musu ba, to ka samu lagon rundunarsa. Saboda haka mai haɗa runduna ba zai iya kawar da makasa ba, abin da ke hannunsa shi ne ya hana ta zama lago. Hanyar kuwa sananniya ce: lantarki ba ya yi wa dodon ƙasa kome ko kaɗan, don haka mai Gyarados yakan ajiye irin Garchomp ko Swampert, idan ya hango tsawa tafe sai ya janye wancan ya tura wannan, dukan ya tashi a banza. Su kuma suna da tasu makasar, Garchomp ƙanƙara, Swampert ciyawa, sai a nemi na uku da zai rufa musu baya.

Tambaya ta ƙarshe daga wani malamin makaranta ce a Kaduna, wanda ya ce ɗalibansa suna kawo "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" a kan batun haɗa runduna, yana so ya san ko sun yi daidai.

Malam, ina ganin sun ɗauko karin magana mai kyau sun ajiye shi a inda ba nasa ba. Wannan magana ta yawa ce, ita da 'yar'uwarta "yawa shi kan sa zare ya ja dutse", kuma a wasan babu wanda ya fi wani yawa, kowa shida aka ba shi. A gasar da kamfanin Pokémon ke shiryawa ma, daga cikin shidan huɗu ake ɗauka, biyu suna fage a lokaci guda. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ya fi kusa, domin masu ɗaga jinka kowa da gefen da ya riƙe, idan suka taru a gefe ɗaya jinkar ba za ta hau ɗaki ba, kome yawansu.

Amma idan ana son karin maganar da ke da shaida a tarihin wasan, ina ba da shawarar "wanda ya raina gajere bai taka kunama ba". A gasar duniya ta 2014 da aka yi a birnin Washinton na Amurka, wani ɗan Koriya ta Kudu mai suna Se Jun Park ya lashe kambun manya da wani ɗan ƙaramin dodo mai siffar kurege, Pachirisu, wanda kusan babu mai sa shi a lissafin gasa saboda ba shi da ƙarfin duka. Babban aikinsa ɗaya ne: yana da dabarar da ke jawo dukan abokan gaba ya koma kansa maimakon kan abokin tsayuwarsa, kuma yana da baiwar da ke mayar masa da lantarki ƙarin rai. A gefensa kuwa akwai Gyarados, wanda muka ce makasarsa lantarki ce, sai ya zamana tsawar da aka auna babban da ita ƙaramin ne ke shanye ta, babban kuma ya samu sararin yin ɓarna. Irin wannan mataimaki ina ganin sunan da ya fi dacewa da shi shi ne zagi, jam'i zagage, wato mai tafiya a gaban dokin sarki yana share masa hanya yana kula da shi. A gaya wa ɗalibai su lura da yadda ake furta ta, domin a rubuce ba ta da bambanci da zagi na baƙar magana, kuma a wannan karon babu ƙugiyar da za ta raba su, sai murya da jimlar da kalmar ta zo a ciki.