Tambaya da Amsa: Shin Gigin Tsufa Gadonsa Ake Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta haura shekara 75, kuma mantuwa ta yi mata yawa. Takan ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, wani lokaci kuma ta kira jikarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Kakarmu ma haka ta yi kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni shekarata 46, ina fama da hawan jini. Shin gadonsa ake yi, kuma da abin da zan yi tun yanzu? Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da ita. Abin da kika bayyana ya yi kama da gigin tsufa, amma sai likita ya duba ta, domin ƙarancin bitamin B12 da ciwon damuwa suna iya kawo irin wannan mantuwa, kuma suna da magani.

Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi wannan lalura yana da ɗan ƙarin haɗari, sai dai nau'in da ke bin jini kai tsaye ba shi da yawa, kuma yakan bayyana tun kafin shekara 65. Yawan shekaru shi ne kan gaba, duk da haka ba kowane tsoho ne ke rikicewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da lalurar a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'inta ne da ake kira cutar Alzheimer. A shekarar 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 masu ƙara haɗarin da ake iya gyarawa, waɗanda ke da alaƙa da kusan kashi 45 cikin ɗari na masu kamuwa.

A cikinsu, wanda ya fi damuna game da ke shi ne hawan jinin nan. Idan jini ya daɗe a sama, yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba tare da mutum ya ji komai ba, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko rikicewar tunani bayan shekaru masu yawa. Mutanenmu da dama sukan sha magani idan kai na ciwo, da ya lafa sai su ajiye, wannan kuwa kuskure ne babba. Ki riƙa sha kullum yadda likita ya rubuta, ki riƙa auna jininki, ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, a kuma gwada miki suga da kitsen jini. Ƙiba, rashin motsa jiki, shan taba da buguwa a kai duk suna cikin jerin, har da gurɓatacciyar iska.

Hajiya kuma, ku sa a duba mata kunne da ido. Tsohuwar da ba ta ji sosai, ga kuma yanar ido ta tare mata gani, takan janye daga hirar tsakar gida, a bar ta ita kaɗai a ɗaki, kaɗaicin kuma ya ƙara dakushe mata tunani. Aikin yanar ido ana yinsa a Katsina. Ku shimfiɗa mata tabarma cikin jikokinta, ku ba ta ɗan aiki kamar tsinkar zogale, kuma idan ta ce ba ta ci abinci ba, kada ku yi gardama da ita, ku ɗan zuba mata kaɗan. Idan kuwa ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da zazzaɓi, ku garzaya da ita asibiti a ranar.