Amsa ga Baffa: yadda 'yan majalisar Amurka ke kallon ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita

Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka ce abokan hirarka na Jekadafari a Gombe suna son sanin dalilin da Amurka ke gina wa wata ƙasa soja da hukumar zaɓe, ta kau da kai daga wata, da kuma abin da mu Hausawan da ke nan Amurka muke taɓukawa.

A nan shugaban ƙasa roƙo yake yi, lalitar tana hannun majalisa. Shekarar kasafi na farawa 1 ga Oktoba, kuma duk tallafin waje bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kasafin ba. Ƙarancinsa bai hana a yi ta sa-in-sa a kansa ba, kuma Afganistan ce ta ƙara tsananta abin. An zuba fiye da dala biliyan 80 a sojoji da 'yan sandanta, suka watse a Agustan 2021. Mai binciken da majalisa ta kafa a 2008 ya sha kokawa kan sojojin bogi, wato suna a takarda, albashi a aljihun kwamanda, ga jiragen da ba a iya gyarawa sai da 'yan kwangilar waje. Shi ya sa yanzu ko mai tausayi a cikin 'yan majalisar tambayarsa ita ce: in mun tafi wa zai biya albashi?

Masu goyon bayan tallafin, Laberiya suke kafa hujja da ita. Bayan sulhun 2003 an sallami tsohuwar rundunar, aka ɗauki sababbi kusan 2,000, ana baza hoton mai neman aikin don wanda ya san ta'asarsa ya faɗa. Zaɓen da aka yi a 2005 kuma ya zauna. Inda ake gaggauta zaɓe kafin a karɓe bindigogi, abin Angola ne ke faruwa: madugun 'yan tawaye Savimbi ya ƙi sakamakon zaɓen 1992, aka koma daji.

Dokoki biyu ne ke ɗaure hannun kowa. Dokar Leahy ta 1997 ta hana horo ko makami ga duk bataliyar da aka samu sahihiyar shaida ta yi kisan gilla ko azabtarwa, kuma rukuni-rukuni ake tantancewa. Ɗayar tana yanke yawancin tallafi ga gwamnatin da soja suka ƙwace daga zaɓaɓɓe. Ita ta hau kan Nijar a Oktoban 2023, bayan juyin mulkin Yuli. A ganina raunin tsarin shi ne kuɗin shekara-shekara ake warewa, alhali gina runduna aikin shekara goma ne.

Mu kuwa ba mu da yawan da za mu girgiza akwatin zaɓe, sai dai mu bi ƙa'ida. Kowa wakilin mazaɓarsa yake nema, don adireshi ake fara tambaya. Yawanci hadiminsa ake gani, matashi ne amma shi ke rubuta abin da maigidan zai karanta, kada a raina shi. Takarda shafi ɗaya, buƙata ɗaya, misali in za a tallafa wa gyaran tubabbun Boko Haram irin na sansanin Malam Sidi da ke Gombe, a ware kason waɗanda aka raba da gidajensu. Watan Agusta ya fi, lokacin suna hutu a mazaɓunsu.

Ba a zuwa da tsaraba, ƙa'idar majalisa ta takura kyauta ƙwarai. Gudunmawar kamfe sai ɗan ƙasa ko mai katin zaman dindindin. Wanda kuma zai kai saƙon gwamna ko wata gwamnati, dokar 1938 ta wajabta masa yin rajista. Abin da ya fi ɓata mana aiki shi ne ƙungiyoyin 'yan Najeriya su shiga ofis ɗaya da labari biyu, kowa da na addininsa, sai hadimin ya ajiye duka.

In kuna da abin da kuke so a isar, ku turo sunan gari, ranar da abin ya faru, yawan waɗanda ya shafa da wanda zai iya tabbatarwa. Muryar WhatsApp da aka yi ta turawa ba ta shiga fayil ɗinsu.