Amsa ga 'yar uwa mai goyo da ƙaninta makaho kan tallafin karatun jami'a

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun da safe, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce kina aji biyu a jami'a, ga yara biyu, ƙaramar tana goye, ga ƙaninki makaho ya samu gurbin karatu bana, kuma kin ga ana yaɗa cewa akwai ƙarin kuɗi da ake ba ɗalibai masu 'ya'ya da masu buƙata ta musamman. Allah Ya dafa muku. Ni ma da goyo na yi digirina, kuma har muka gama ina cikin masu karanta wa wata 'yar ajinmu makauniya littattafai.

Abin da kika gani ɗin nan tsarin Ingila ne. Can gwamnati kan biya wa ɗalibi mai yara har kashi 85 cikin 100 na kuɗin raino, kuma akwai wani kaso daban na masu nakasa, amma na mazauna ƙasarsu ne. A nan Najeriya babu wani asusu guda da za ki je ki ce ga takardar haihuwar yarana a ƙara mini. Taimakon yana nan, sai dai a warwatse yake, kuma wanda ya rubuta halin da yake ciki da wuri, ya kai inda ya dace, shi ke samu.

Ki fara da NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya. Shugaba Tinubu ya sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Suna biyan kuɗin rijista kai tsaye ga makaranta, wanda ya nemi kuɗin kashewa kuma a riƙa tura masa naira 20,000 duk wata. Babu kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ki tanadi lambar JAMB, da NIN, da BVN, da lambarki ta ɗaliba, ki kuma tabbatar sunanki iri ɗaya ne a dukkansu. Mu matan aure nan muke maƙalewa: JAMB da sunan mahaifi, banki da sunan miji. Ke da ƙaninki kowa zai nemi nasa. Ban ce 20,000 za ta riƙe ki ba, domin mai goyo da budurwa duk kuɗin ɗaya ne, kuma wannan yana ci mini rai. Amma idan aka ɗauke miki rijista, abin da maigida yake haɗawa sai ya koma kan mai raino da kuɗin mota. Ki zauna da shi ku yi shawara tukuna, bashi ne, da sunanki za a rubuta shi.

Sai hukumar tallafin karatu ta jihar Kano. Ba kullum ake buɗewa ba, kuma idan an buɗe ba a jiran kowa, don haka takardar shaidar ƙaramar hukumarki ta zama tana hannu tun yanzu. A 2023, da kuɗin rijista ya tashi a Jami'ar Bayero (BUK), gwamnatin jiha ta biya wa 'yan Kano kusan 7,000, ta kuma rage rabin kuɗin a manyan makarantunta. Waɗanda takardunsu ke kammale su suka shiga. Akwai kuma Hukumar Zakka da Hubusi, ba abin kunya ba ne ɗalibi mabuƙaci ya rubuta musu.

Maganar ƙaninki ita ce na fi so mu tsaya a kanta, don shi doka tana bayansa. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda marigayi Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ta kafa hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman, kuma cikin aikin da ta ɗora mata har da samar da kayan karatu. Ya yi rijista da ita ya karɓi shaida, ya kuma shiga ƙungiyar makafi ta jiha, don labarin tallafi ta bakinsu yake fara fitowa. Gidauniyar MTN tana da tallafin karatu na ɗalibai makafi da ke manyan makarantun gwamnati. Ba ɗan aji ɗaya ake ba ba, kuma ana duba sakamako, saboda haka ya riƙe karatun shekarar farko da kyau.

Mutane suna ɗauka kuɗin makaranta ne matsalar makaho. Abin da ke cinye kuɗinsa daban ne. Ƙawata makauniyar nan takan tsaya bakin titi a Kabuga, kowa ya cusa kansa cikin adaidaita sahu ya biya kuɗin mutum ɗaya, ita kuwa in ba ta da ɗan jagora sai ta ɗauki shata. Malami ya kawo takardun darasi a buga, mu mu yi hoto mu wuce, ita sai ta nemi mai karanta mata tana naɗa a waya. Ranar wata jarrabawa muna zaune an raba takardu, ita tana tsaye a ƙofa da sandarta, mai sa ido yana cewa ba wanda ya gaya masa za a zo da mai rubuta mata. Sai da aka nemo shugaban sashe, lokaci ya riga ya tafi. Saboda haka tun makon farko ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashensa, kwafi ga jami'in jarrabawa da ofishin kula da harkokin ɗalibai. A faɗi abin da yake buƙata ƙarara: mai rubuta masa ko izinin amfani da kwamfuta, ƙarin lokaci, ɗakin kwana a ƙasa, da kuma a riƙa tura masa darasi ta waya yadda manhaja za ta karanta masa. A buga muku hatimi a kwafinku ku adana. Idan BUK ce, ku leƙa sashen ilimin masu buƙata ta musamman ko da ba can yake karatu ba, sun san hanya.

Ke kuma, babban abin da zai rage miki kashe kuɗi shi ne sauran masu goyo. Mu huɗu muka haɗu muka ɗauki wata dattijuwa, tana shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya bayan ɗakin lakca, kowa ta ajiye filas ɗin kunu da zanin goyo, in yaro ya yi kuka ta aiko a taɓo uwarsa. Kuɗin da da mutum ɗaya za ta biya muka raba huɗu. Mun kuma yi adashe da aka tsara kwasarsa ta faɗo lokacin rijista. Ki gaya wa mai kula da ajinku kina da jaririya tun kafin ki fara rasa gwaji. Idan abin ya yi nauyi ƙwarai, ki nemi ɗage zangon karatu a rubuce. Kada ki ɓace kawai, don wadda ta ɓace faɗuwa ake rubuta mata a kowane darasi.

Duk wanda ya ce ki turo kuɗi zai saka sunanki a NELFUND ko tallafin jiha, ɗan damfara ne, ba a biyan ko sisi wajen neman bashin, kuma kada ki ba kowa lambobin katin bankinki. Idan kina son samfurin wasiƙar ƙanin naki, ki yi mini magana ta akwatin saƙo da sunan sashensa, in rubuta miki yau da dare in sha Allahu.